Ranar da Na Buɗe Kwamfutar Malam

A cikin takaba na fara ganin cikin kwamfuta, kuma da wuƙa na buɗe ta. Duk wanda na ba labarin sai ya ce lallai na yi jarumta. Nakan bar su su faɗa, amma ni na san abin da na aikata a ranar.

Malam, maigidana, mai buga tafireta ne a ofishin ƙaramar hukuma. A cikin shekarun casa'in, da ya ga aikin tafireta yana ja da baya, sai ya sayi kwamfuta a hannun wani malamin jami'a da zai bar ƙasar. Tun ranar da ta shigo gidanmu na Kwarbai tsohuwa ce. Farinta ya dafe, in an kunna ta kuma sai ta yi ta gurnani kafin ta nuna komai. Ya kafa ta a turakarsa, kan tebur, ƙarƙashin 'yar tagar da ke duban lungu. In ya taso daga ofis, ɗalibai su kawo masa rubutunsu na kammala karatu ya buga musu. Ni sana'ata waina ce da safe. Da yamma nakan zauna kan tabarma ina karanta masa rubutun hannu yana bugawa, don na gama firamare, na kuma taɓa tafireta kaɗan a ajin mata kafin aurenmu.

Doka ɗaya ya kafa mini a kanta: kada a motsa ta, kada a girgiza teburin. Ko shara zan yi, sai in bi ƙafafun teburin da tsintsiya a hankali, kamar mai shara kusa da jariri.

Farkon damina zazzaɓi ya kama shi. Bai yi doguwar jinya ba.

Yaranmu mahaifiyata ta tafi da su Limancin Kona na ɗan lokaci. Ni kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifin Malam, ta tare a wurina don ta taya ni zama. Tsohuwa ce mai kirki, amma takabarta ta mutanen da ce. Ba kwalli, ba turare, ba leƙa ƙofa. Ta ba ni wata 'yar wuƙa ta ce kada in rabu da ita ko banɗaki zan shiga. Ta kuma yanke cewa ba namijin da zai wuce zaure sai na fita takaba, ko waye shi. Ban yi mata gardama ba. Na mayar da kwanana turakar Malam, ina kwana ina tashi kusa da kwamfutar da ba a kunna ba tun ranar da ya kwanta.

Da aka watse daga zaman makoki, wani mutum bai daina zuwa ba. Yakan yi sallama a zaure, ya aiko a yi mini gaisuwa, ya ɗan zauna, ya tafi. Bayan kwana biyu ya sake dawowa. Gwaggo ta ce wannan bawan Allah ta'aziyyarsa ba ta ƙarewa. Da ta kwatanta mini shi na gane ko waye. Malamin firamare ne daga wani ƙauye ta hanyar Soba, yana ƙaro karatu a kwalejin horar da malamai, kuma rubutunsa ne aikin ƙarshe da Malam ya karɓa. A kan yadda yaran ƙauye ke barin aji in damina ta sauka ya yi shi. Ina daga bayan labule ranar da Malam ya ce masa, in Allah ya yarda ba zai maimaita shekara saboda shi ba. Mutumin kunya ce ta hana shi tambaya, lokacin miƙa aikin kuma yana ta matsowa.

Ba zai yiwu ya kai wa wani mai bugawa ba. Babi na ƙarshe ne kawai ya rage a rubutun hannu. Sauran duk suna cikin kwamfutar tare da gyaran da malaminsa ya yi masa, tsofaffin takardun kuwa Malam ya ba ni su tuni, na naɗe wa mutanen unguwa waina da su. Ramin da ake saka ƙaramin faifai a kwafe aiki shi ma ya daɗe da lalacewa.

Na kwana da maganar. An tambaya a wurin jana'iza ko akwai mai bin Malam wani abu, ba wanda ya ɗaga murya. Amma alkawari ai shi ma kaya ne, kuma ni kaɗai na ji lokacin da ya ɗauke shi. Ban so ya kwanta da shi a wuyansa ba.

Washegari na kunna kwamfutar. Na san inda yake dannawa, don na sha gani. Ta yi gurnaninta, aikin ya buɗe da ƙyar, na buga layi ɗaya don gwaji, na danna inda ake ajiyewa. Sai ta fito da wani saƙo da Turanci, abin da na fahimta shi ne babu wuri. Na ce to ta buga mini abin da ke ciki a takarda. Ta ƙi. Daga nan ta sandare, ko kibiyar ba ta motsi. Na zauna ina kallonta har Gwaggo ta leƙo ta ce in abin talabijin ne, mai takaba ba ta kallo.

Malam yana da aboki tun na makaranta, mai gyaran na'urori a jami'a can Samaru, kowa Injiniya yake ce masa. Na roƙi Gwaggo ta aika masa. Ya zo zaure, ta kai masa bayanina ta dawo mini da nasa. Ya ce ciwon ba sabo ba ne. Rumbun ajiyarta ya cika, memorinta kuma, wato ƙwaƙwalwarta, ya yi mata kaɗan, shi ya sa take sandarewa. Ya ce Malam ya riga ya sayi maganin duka biyun ta hannunsa, har sun sa ranar da za su haɗa, sai ciwo ya riga su. In duba akwatinsa. Na duba, na tarar da wata leda mai ƙyalli ƙarƙashin manyan rigunansa. A ciki akwai wani ƙarfe mai nauyi kamar gwangwanin kifi, da wasu 'yan alluna kore guda huɗu, kowanne da haƙoran zinariya a gefe ɗaya.

Nan aka zo wurin da hankali ya kamata ya yi aiki, bai yi ba. Injiniya ya ce a ba shi hanya ya shigo, aikin ba zai kai la'asar ba. Gwaggo ta ce ba ya shiga. Ya ce to a fito masa da kwamfutar zaure. Ni kuma na ce ba ta fita. Ya aiko cewa in tana kashe ko a kan jaki aka ɗora ta ba abin da zai same ta, kuma shi ne ma ya koya wa Malam dokar, ta lokacin da take kunne ce kawai. Na yarda gaskiya yake faɗa. Amma wanda ya ce mini kada a motsa ta ba ya nan balle ya janye maganarsa, ni kuma ban ga wanda zai janye masa ba. Gwaggo ta yi ta kai da komo tsakanin zaure da turaka har ƙafarta ta fara ciwo, kowaccenmu tana ganin ɗayar ce mai taurin kai.

Shi ya gaji ya kawo shawara. Ya ce zai zagaya lungu ya tsaya bayan taga, ya riƙa faɗa, ni in riƙa yi. Gwaggo ta yi nazari, ta ce murya ba mutum ba ce, amma labule zai zauna a sake, kuma ya juya wa tagar baya.

Haka aka yi ranar Asabar bayan azahar, hadari yana haɗuwa ta gabas. Mutum mai mutunci, da babbar riga da hula, ya jingina da bangonmu a tsakiyar lungu yana magana shi kaɗai. Ina jin masu wucewa suna rage tafiya. Wani maƙwabcinmu dattijo ya tsaya ya ce, “Injiniya, yau kuma bangon ne ya lalace?” Ya ce masa e, yana dubawa ne.

Injiniya ya sa na cire duk wayoyin da ke bayan kwamfutar, na kwance sukurorin murfin. Na nemi sukurudireban Malam ban gan shi ba, sai na zaro wuƙar Gwaggo. Bakinta ya shiga daidai. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna ita ta ce kada in rabu da wuƙar, ta fasa. Ya ce kafin in taɓa komai a ciki in dafa ƙarfen taga. Wannan ya yi wa Gwaggo daɗi, ta ce ashe yaron ya san tsari.

Na ɗaga murfin. Ban san me na zaci zan gani ba. Ƙura ce da yanar gizo, da wayoyi, da wata 'yar fanka. Wuri da yawa ma babu komai. Na ji wani iri, ganin cewa a cikin wannan fankon ne Malam ya ƙarar da yammacinsa na shekaru.

Injiniya ya ce in nemi inda wasu 'yan alluna huɗu suke tsaye a jere, irin waɗanda ke cikin ledar. Na gan su. Ya ce su ne memorin. In buɗe 'yan maƙallan gefe, in kwantar da kowanne, in zare shi. In cire tsofaffin duka, in sa sababbin a madadinsu. Ya maimaita kalmar duka.

Na zare na farko, da na biyu, da na uku. Da na kai hannu kan na huɗu sai na tsaya. Ni mai waina ce. Tun ina yarinya a gaban mahaifiyata na san ba a wanke tukunyar ƙullu tas. Ana barin ɗan tsohon a gindi, shi ke tayar da sabon. Na dubi sababbin allunan nan, ba su san Malam ba, ba su san malamin ƙauye ba, ba su taɓa jin ko kalma ɗaya ta aikin ba. Na ce a raina, in na kwashe tsofaffin duka, wa zai gaya musu? Sai na bar na huɗun a wurinsa, na jera sababbi uku kusa da shi, ragowar ɗayan na ƙulle shi a bakin zanena. Har wani daɗi na ji, na yi tunanin abin da Injiniya da duk karatunsa bai yi ba.

Ya tambaya ko sun zauna, na ce sun zauna. Ya ce in mayar da wayoyin in kunna mu gani kafin mu taɓa rumbun.

Na kunna. Ba ta yi gurnanin da na sani ba. Wani kuka ta fara, siriri, tana yi tana maimaitawa, gilashin kuma baƙi ƙirin. Na kashe na sake kunnawa. Kukan dai. Na zauna a ƙasa. Abin da ya zo mini shi ne na kashe aikin, na kashe alkawarin, da hannuna da wuƙata. Gwaggo ta fara salati. A daidai nan ruwa ya sauko, indararon da ke saman tagar ya fara zuba, kuma a ƙarƙashinsa Injiniya yake tsaye.

Bai gusa ba. Ina jin ruwan yana dukan lemarsa yana yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa. Ko na juya wani baibai? Ko maƙallan sun kama? Ko akwai wanda ya karkace? Duk na ce a'a. Sannan ya ce, “Malama, tsofaffin nawa ne a hannunki yanzu?”

Na ce uku.

“Na huɗun fa?”

Na ce yana ciki. Ya tambayi dalili. Da na buɗe baki na fara bayanin ƙullu, tun kafin in kai ƙarshe na ji yadda maganar take a kunne. Amma Gwaggo ta karɓe. Ta matsa kusa da labule ta ce, “Gaskiyarta, ɗan nan. Kai ka taɓa yin waina? In ba tsoho a ciki haka za ta fito kamar takalmi.”

Ban ji komai daga waje ba sai ruwa. Na ɗauka fushi ya yi. Can sai na ji wani sauti, na kasa gane dariya ce ko kuka, ina jin shi ma bai sani ba. Da ya dawo daidai ya ce, da abokinsa yana nan, da shekara guda zai yi yana ba da labarin nan a majalisa. Wannan ne karo na farko da wani ya ambaci Malam a gabana ba da muryar ta'aziyya ba.

Sannan ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce allunan nan ba sa riƙe komai. Kamar tabarmar shanya suke, a baza aiki a kai, in an gama a kwashe. Duk sanda aka ɗauke wuta mantawa suke yi, tun Malam yana da rai. Sai dai dole su zama iri ɗaya su huɗun, in ba haka ba ta ƙi tashi.

“Abin da ya rubuta yana cikin tsohon rumbun,” ya ce. “Ba ki taɓa shi ba, ni ma ba zan sa ki taɓa shi ba. Sabon kusa da shi za mu ajiye.”

Na kwance bakin zanena na fito da na huɗun. Na zare tsohon, na sa sabon. Na kunna. Ta yi ƙara ɗaya gajere, rubutu ya fito. Na karanta masa lambar da ta nuna, ya ce ta ga memorinta duka.

Rumbun bai ba ni wahala kamar haka ba, don zuwa lokacin na daina yin tunani na kaina. Injiniya ya riga ya shirya shi tun a wurin aikinsa. Ya ce akwai wata faffaɗar waya kamar ɗamara mai jan layi a gefe, in lura jan layin ya dubi inda na tsohon ya duba. Na yi. Wurin ɗaure shi sukurori suka gaza, ya ce in ara daga na murfin. Har aka rabu da kwamfutar nan murfinta yana ɗan rawa. Ya bi da ni ta cikin wani shuɗin shafi ina danna abin da ya ce, sannan ya sa na kwashe ayyukan ɗaliban da suka daɗe da karɓar nasu, na mayar da su sabon rumbun don tsohon ya sami wuri. Aka kira la'asar muna cikin haka. Gwaggo ta miƙa masa tsohon zani ta saman katanga ya goge jiki, ya tafi masallaci a jiƙe, bai yarda ya sha ko ruwa ba.

Da na zauna na danna aikin malamin ƙauye, kafin in gyara zama ya buɗe. Da ba haka take ba. Malam yakan danna, sannan ya juyo da kujerarsa ya tambaye ni yadda cinikin safe ya kasance, ko ƙafar mahaifiyata ta yi sauƙi, ko wa ya fasa kofin shayi. Sai ta buɗe ya koma. Ban taɓa lura ba cewa yawancin hirarmu a cikin jiran nan muka yi ta. Yanzu na gyara ta, ba sauran jira.

Na gangara ƙarshen aikin. A tsakiyar jimla ya tsaya. Ya buga cewa iyaye da yawa sun ce ba ƙin makaranta suke yi ba, sai dai, daga nan babu komai, sai ɗan layin nan yana ƙiftawa. Na nemo wurin a takardar malamin. Ragowar jimlar ba wani abu ba ne, maganar rashin mai taya su shuka ce. Na daɗe kafin in buga ta.

Da yatsu biyu na yi babin, ina karanta wa kaina da ƙarfi don haka na saba jin sa. In an ɗauke wuta in jira, in an kawo in ci gaba. Gwaggo ta daina cewa talabijin ce, har takan zauna bakin ƙofa tana jan carbi, in na yi tsaki ta ce in yi a hankali. Da na gama na sa firinta ta yi ta ƙararta, na jera takardun, na sa a leda. Ranar da malamin ya sake zuwa ta'aziyyarsa, Gwaggo ta kai masa. Ta ce ya riƙe ledar da hannu biyu bai buɗe ba, ya yi wa Malam addu'a mai tsawo, ya ce ya cika masa alkawari. Na ce alhamdu lillahi. A ranar na ci abinci sosai.

Bayan ya miƙa aikin ya dawo yin godiya, ya kuma ba Gwaggo labari don ya faranta mana. Ya ce an karɓa, ya wuce. Sai dai malaminsa ya yi mamakin babi na ƙarshe. An tsallake layi a wurare, an maimaita sakin layi guda sukutum, a wani jadawali kuma yaran aji uku sun fi na makarantar duka yawa. Malamin nasa ya san aikin Malam, ya san ba ya kuskure. Da aka ce masa mai bugawar ya rasu yana cikin aikin, sai ya cire tabarau ya ce Allah ya jiƙansa, ashe har ciwo ya ci ƙarfinsa bai ajiye aikin mutane ba. Ya sa hannu bai ce a gyara komai ba.

Gwaggo ta kawo mini wannan tana murna. Ni kuwa na miƙe tsaye. Na ce ta koma ta gaya masa kurakuran nawa ne, Malam bai buga ko ɗaya daga ciki ba, ya je ya faɗa wa malaminsa haka, ya kuma dawo da babin in sake. Ta je ta dawo. Ya ce an riga an ɗinke, an yi masa bango, an kai ɗakin karatu. Batun faɗa wa malamin nasa kuma, ya ce in yi masa rai, in aka san mai rai ce ta buga, sai an sa shi ya sake.

Na ce to ya bari. Gwaggo ta tsaya tana jira ko akwai wani saƙon, na ce babu, ta ce masa Allah ya sa albarka a karatun.